Katangar Gidan Marayu

A birnin Filadelfiya, cikin ƙasar Amurka, akwai wata makarantar kwana wadda aka kewaye da katangar dutse, tsayinta ƙafa goma. Sunanta Kwalejin Girard. An buɗe ta cikin shekara ta 1848 domin marayu 'ya'yan talakawa. Ci da sha da tufafi da karatu duk kyauta ne, ba a karɓar ko anini daga hannun kowa. Wanda ya ji wannan zai ce madalla, babu sauran magana sai a yi wa mai kyautar fatan alheri. Amma an sha yin shari'a a kan makarantar nan, har aka kai ƙara gaban Kotun Ƙoli ta ƙasar ba sau ɗaya ba, mutane kuma suka yi wata bakwai suna zagaya katangar suna neman a buɗe ƙofa.

Abin da ya kawo rigimar kuwa wata tambaya ce wadda ta shafi kowane mai dukiya da kowane mai riƙon amana. Idan mutum ya bar dukiyarsa sadaka, ya gindaya sharaɗi, ya mutu, daga baya aka ga sharaɗin nan zalunci ne, shin masu rai suna da ikon warware shi, ko kuwa tilas su bi shi har abada? Kafin mu yanke, bari mu ji labarin mutumin da makarantarsa, don ba a yin hukunci sai an ji ta bakin kowa.

Sunansa Stephen Girard. An haife shi a birnin Bordo, cikin ƙasar Faransa, a shekara ta 1750. Tun yana ƙarami idonsa na dama ya mutu, uwarsa kuma ta rasu bai gama girma ba. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya shiga aikin jirgin ruwa, yaron jirgi, ya yi ta hawa har ya zama kyaftin. Cikin 1776, sa'ad da Amurka ke yaƙin neman 'yanci da Ingila, ya shigo Filadelfiya da jirginsa, ya zauna nan, ya kama fatauci. Dukiya ta yi ta bunƙasa, jiragensa suna kai da kawowa har ƙasar Sin. Cikin 1812 ya buɗe banki nasa na kansa, har ya zama yana cikin waɗanda suka ranta wa gwamnatin Amurka kuɗi sa'ad da wani yaƙin da Ingila ya kusa tsiyata ta. Amma a gida bai sami sa'a ba. Matarsa ta sami taɓin hankali, ta ƙare kwanakinta a asibiti, bai kuwa bar ɗa ko ɗaya a bayansa ba.

Akwai abu guda da ya kamata a sani game da halinsa. Cikin 1793 annobar zazzaɓin shawara ta faɗa wa Filadelfiya, ta kashe mutum wajen dubu biyar, watau kusan ɗaya cikin kowane goma na mutanen garin. Masu hali suka tattara iyalansu suka gudu. Girard yana da halin gudu, amma ya tsaya. Ya ɗauki nauyin wani asibiti da aka buɗe a bayan gari, inda kowa ke tsoron shiga, ya gyara shi, ya yi ta jiyyar marasa lafiya da hannunsa. Ba shi kaɗai ya tsaya ba. Baƙar fata na garin, a ƙarƙashin shugabanninsu biyu, Absalom Jones da Richard Allen, su ma suka tsaya, suna jiyya, suna ɗaukar gawa, suna binnewa. An zaci cutar ba ta kama baƙin mutum, ashe ba haka ba ne, da yawa cikinsu suka kamu suka mutu. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Girard ya rasu ran 26 ga Disamba, 1831, yana da shekara tamanin da ɗaya. A lokacin babu wanda ya fi shi dukiya a Amurka duka, an ƙiyasta abin da ya bari ya kai wajen dala miliyan bakwai da rabi. Da aka buɗe wasiyyarsa sai aka ga ya ba danginsa ɗan abin da ya ba su, ya ba asibiti da waɗansu gidajen taimako, amma mafi yawan dukiyar ya danƙa ta amana a hannun hukumar birnin Filadelfiya. Babban abin da ya nema shi ne a gina makaranta domin marayu.

Wasiyyar nan doguwa ce, kuma da wuya a sami abin da bai tsara ba. Ya faɗi girman ginin da irin dutsen da za a yi shi da shi. Ya ce a ɗauki yaro tsakanin shekara shida da goma, a riƙe shi har ya kai sha huɗu zuwa sha takwas, sa'an nan a sa shi koyon sana'a. A koya masa karatu da rubutu da lissafi da labarin ƙasa da awon ƙasa da tuƙin jirgin ruwa da Faransanci da Sifaniyanci. Ya ce ya fi son a koya wa yara sanin abubuwa da kansu bisa a cika musu kai da kalmomi. A ba su abinci mai kyau marar almubazzaranci. Sa'an nan ya faɗi wata magana wadda ta nuna zurfin tunaninsa, ya hana a sa wa yaran wata irin tufa ta daban. A zamanin nan makarantun sadaka da yawa su kan ɗinka wa yaransu riga ta musamman, kowa ya gan su a hanya ya san 'yan cin sadaka ne. Girard bai so a ciyad da maraya da hannun dama a tona masa asiri da na hagu ba.

Amma cikin wasiyyar akwai sharuɗɗa biyu da suka zama abin magana. Na farko, ya hana kowane limamin addini, ko na wace ɗariƙa ne, ya koyar a makarantar ko ya taka cikinta, ko da ziyara. Ya ce ba don raina kowa ba ne, sai don kada a ruɗa ƙananan yara da gardamar ɗariƙu. Na biyu, ya ce marayun nan su kasance maza, kuma farar fata.

Dangi ne suka fara kai ƙara, don suna so a rushe wasiyyar dukiya ta komo hannunsu. Suka ɗauki mashahurin lauyan nan Daniel Webster, ya kafa hujja da sharaɗin farko, ya ce makarantar da ta hana limamai shiga ba sadaka ba ce, gaba ce da addini. Cikin 1844 Kotun Ƙoli ta ƙi maganarsa, ta tabbatad da wasiyya. Sharaɗi na biyu kuwa, a lokacin bai dami manyan gari ba. Aka gama gini, aka buɗe makaranta ran 1 ga Janairu, 1848, da yara wajen ɗari. Maraya a wurinsu, kamar a wurinmu, shi ne wanda ubansa ya rasu ko da uwarsa tana da rai. Dukiyar ta ci gaba da haihuwa, musamman daga filayen kwal da Girard ya saya kafin ya mutu. Yara dubbai suka bi ta makarantar nan, suka fito suka zama mutane, waɗanda da ba don ita ba da ƙila a titi za su tashi.

Ana nan, zamani ya juya. Baƙar fata suka yawaita a Filadelfiya, har unguwar da ke kewaye da makarantar ta zama tasu. Sai ga wani abin al'ajabi. Mace mijinta ya mutu ya bar ta da yara, tana zaune a ɗaki guda, in ta leƙa taga tana hangen katangar gidan marayu. A cikin katangar akwai gado da abinci da malamai. Ɗanta maraya ne, talaka ne, namiji ne, haifaffen garin ne. Abu ɗaya kaɗai ya hana shi shiga, launin da Allah ya halicce shi da shi.

Cikin 1954 wani lauya baƙar fata, Raymond Pace Alexander, ya kai ƙara a madadin waɗansu marayu da aka ƙi ɗauka. Cikin 1957 Kotun Ƙoli ta ce tun da ya ke masu riƙon makarantar wani reshe ne na hukuma, tsarin mulkin ƙasa bai yarda hukuma ta bambanta mutane saboda launi ba. Maimakon a buɗe ƙofa, sai wata kotu ta garin ta sauke wakilan hukuma, ta naɗa waɗansu mutane masu zaman kansu su riƙe amanar, don sharaɗin ya ci gaba. An sake wa tuwo suna ke nan. Daga 1 ga Mayu, 1965, wani lauya kuma, Cecil B. Moore, ya ja jama'a suka yi ta zagaya katangar kullum har tsakiyar Disamba. Cikin watan Agusta Martin Luther King ya zo ya yi jawabi a wurin, ya kamanta ta da katangar da ta raba birnin Balin biyu. Aka koma kotu, alƙalai suka ce sauya wakilan nan ma aikin hukuma ne, ba ya fid da ita daga laifi. Cikin Mayu, 1968, Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar ƙarar da masu riƙon suka ɗaukaka. Cikin Satumba na shekarar yara huɗu baƙar fata suka shiga makarantar, shekara ɗari da ashirin bayan buɗe ta. Cikin 1984 aka soma ɗaukar 'yan mata.

To, labari ke nan. Saura mu auna shi.

Masu cewa a bar wasiyya yadda ta ke ba duka ne miyagu ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Sun ce dukiyar nan ta Girard ce, da guminsa ya tara ta. Da ya ga dama da ya ba danginsa, ko ya zubar a teku, babu mai tuhumarsa. Wanda aka hana kyauta ba a ƙwace masa kome ba, don ba shi da haƙƙi a cikinta tun farko. Sun ce kuma birnin ya karɓi dukiya da sharaɗinta ido buɗe, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Sa'an nan mamaci ba shi da baki, ba ya iya tashi ya kāre kansa, saboda haka cin amanarsa ya fi cin amanar mai rai muni. Hujjarsu ta ƙarshe ita ta fi nauyi. Sun ce in masu dukiya suka ga ana warware wasiyya bayan mai ita ya kwanta dama, wa zai sake barin dukiyarsa sadaka? Ashe garin taimakon marayun yau an cuci marayun gobe.

Wannan magana ce da ya kamata a saurara da kyau. Alkawari kaya ne. Al'ummar da ba ta cika wa matattunta alkawari, masu ranta ma ba su da tabbas.

Amma duk da haka ina ganin waɗanda suka buɗe ƙofar su ne a kan gaskiya, ga kuwa dalilaina.

Na farko, kowace wasiyya tana da ƙwaya tana da ɓawo. Ƙwayar ita ce nufin mai yin ta, ɓawon kuwa shi ne abin da zamaninsa ya lulluɓe nufin da shi. Mene ne nufin Girard? Ya ga yaro marar uba marar gata, kamar yadda shi kansa ya bar gida yana ƙarami, ya so ya tsamo shi daga jahilci da tsiya. Wannan ita ce ƙwaya. Maganar launi kuwa ya rubuta ta cikin 1830, sa'ad da bauta ke da ƙarfi a kudancin Amurka, shi kansa ma yana da gona da bayi a ƙasar Luwiziyana. Ɗan Adam tara ya ke, bai cika goma ba. Mutumin da ya hango kunyar maraya har ya hana a sa masa rigar sadaka, shi ne kuma ya kasa hango 'ya'yan waɗanda suka tsaya tare da shi ran annoba. Wanda ya riƙe kuskuren mutum ya saki alherinsa, bai girmama shi ba.

Na biyu, akwai bambanci tsakanin fifitawa da korewa. Girard ya jera waɗanda za a fara dubawa in wuri ya yi kaɗan: 'yan Filadelfiya tukuna, sa'an nan na sauran jihar, sa'an nan na New York da New Orleans, birane biyu da ya fara sauka ya yi ciniki a cikinsu. Wannan ba laifi ba ne. Kowa ya san alheri daga gida ya kan fara, kuma wanda ba zai iya ciyad da gari duka ba dole ya zaɓa. Amma sharaɗin launi cewa ya yi ko da gado yana nan babu kowa a kai, wannan yaro ba zai kwanta ba. Waccan rabo ce ta mai ƙaramin tulu. Wannan kuwa shela ce cewa wani ɗan Adam bai kai ba. Yaron da ya tashi a gindin katangar nan ya koyi karatun da ba a rubuta a allo ba, kullum safiya katanga tana gaya masa matsayinsa. Saboda haka ba daidai ba ne a ce ba a ƙwace masa kome ba.

Na uku, Girard bai riƙe sadakarsa a hannunsa ba, bai kuma ba wani amininsa ba. Hukumar gari ya ba. Hukuma kuwa ta kowa ce, baƙi da fari duk suna biyan haraji, duk a ƙarƙashinta su ke. Mutum yana iya zaɓen wanda zai ci tuwo a zaurensa. Amma in ya kai hatsinsa rumbun gari ya ce sarki ya raba, ba shi da ikon sa sarki ya zalunci rabin talakawansa, balle ya sa shi yin haka har abada. Mamaci ya kwanta, masu rai ne ke tsaye a bakin ƙofa suna koran yaro, su ne kuma za a tambaya.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi karatun fiƙihu. Malamanmu sun karantad da mu cewa sharaɗin mai waƙafi abin bi ne, muddin bai saɓa wa shari'a ba. A cikin Suratul Baƙara an yi kashedi mai tsanani ga wanda ya sauya wasiyya bayan ya ji ta, amma nan take aka ɗauke laifi daga wanda ya ga karkata ko zalunci cikin wasiyya ya shiga tsakani ya gyara. Ashe tun can an san hannun mamaci yana da iyaka, an kuma san gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sai dai a nan akwai rami, kada mu faɗa. In an ce masu rai suna iya gyara wasiyya, ai kowane maci amana zai ce gyara ya ke yi. Yaya za a bambanta mai gyara da ɓarawo? Ga misali daga Ingila. Cikin 1440 Sarki Henry na Shida ya kafa makarantar Eton domin yara saba'in marasa hali su yi karatu kyauta. Sannu a hankali masu kuɗi suka yi ta kawo 'ya'yansu suna biya, har makarantar ta shahara a duniya da cewa ta 'ya'yan sarakuna da attajirai ce. Gurabun saba'in ɗin nan ba a soke su ba, amma aka mai da su na cin jarrabawa mai wuya, wadda galibi sai yaron da aka kashe wa kuɗi tun yana ƙarami ke iya ci. Nan ma an sauya abin da mamaci ya nufa, ba tare da an yi wata bakwai ana zagaya katanga ba, domin sauyin ya yi wa manya daɗi.

Daga misalan nan biyu muna iya fid da ma'auni. In za a taɓa wasiyya, a tambayi abu uku. Shin sauyin nan yana kusantad da dukiyar ga mabukata, ko yana nisantad da ita daga gare su? Shin mai neman sauyin, shi ko ɗansa, zai ƙaru da abin da ba shi da bukatarsa? Shin a fili aka yi, gaban alƙali, kowa ya kawo hujjarsa, ko a ɓoye? Dangin Girard sun nemi a rushe wasiyya don su ci, aka hana su, an kuwa yi daidai. Iyayen marayun nan mata sun nemi a gyara kalma ɗaya don maraya ya ci, suka bi ta kotu shekara goma sha huɗu, aka ba su, nan ma an yi daidai. Ba a karkatad da dukiyar zuwa aljihun kowa ba. Sunan mutumin yana nan a kan makarantar, ƙasusuwansa ma suna kwance cikin babban gininta tun 1851. Yara marasa gata suna ci suna karatu da dukiyarsa, yawancinsu kuwa a zamanin nan baƙar fata ne.

Amma fa kada mu yi saurin zagin Girard mu manta da kanmu. Kaɗan ne cikinmu za su bar miliyoyi, amma kusan kowa yana da ɗan abin da ya ke bayarwa: ragowar tuwo, ko kuɗin makarantar ɗan wani, ko rijiya, ko wurin kwana, ko karatun da ya samu da girmansa ya ke iya koya wa wani. Kowa kuma yana da tasa katangar da ba ya gani, kamar yadda Girard bai ga tasa ba. Wani tasa ita ce ƙabila, wani asali, a ce wannan ɗan bayi ne ko ɗan masu sana'a kaza, wani kuwa tasa ita ce wai ilmi ba na 'ya mace ba ne. Girard bai ɗauki kansa azzalumi ba, abin da kowa ke yi a zamaninsa ya yi. Mu ma abin da kowa ke yi mu ke yi. Ya kamata mai bayarwa ya tambayi kansa tun yana da rai, wa na bari a waje, kuma don me? In dalilin ƙarancin abin hannu ne, babu laifi. In kuwa raini ne, gara ya rushe katangar da hannunsa, kada ya bar wa jikoki aikin shari'a.

Wanda kuma aka danƙa wa amanar mamaci, ko ta gona ce ko ta gida ko ta makaranta, ya riƙe ta da hannu biyu, kada ya taɓa ta don son ransa. Amma in ya ga wani sharaɗi a ciki yana sa shi ya kori maraya daga bakin ƙofa, kada ya ɓuya a bayan kabari ya ce ba ruwansa. Ya kai maganar gaban masu shari'a a gyara. Yin haka taimakon mamacin ne, don an sauke masa wani kaya, an bar masa ladan alherinsa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya ba mu ikon bayarwa, ya kuma ba mu idon ganin wanda ke tsaye a bayan katanga.